Ƙa'idojin Ambaton Tsofaffin Masu Riƙe da Muƙami a Labarai da Sanarwa

A al'adar aikin jarida, ana bambanta laƙabin da ke tare da kujera da wanda mutum ya mallaka da kansa. Kiyaye wannan bambanci yana hana jama'a ruɗewa game da wanda ke riƙe da iko, musamman a sanarwar rediyo da takardun gayyata na ƙananan hukumomi.

Laƙabin kujera

Gwamna, Minista, Kwamishina, Shugaban Ƙaramar Hukuma da Kansila duk sunayen kujeru ne. Da zarar wa'adi ya ƙare, sai a gabatar da “tsohon” ga namiji, “tsohuwar” ga mace, “tsofaffin” ga jam'i. “Mai Girma” kuwa na wanda ke kan kujera ne, ko da yake akan ji shi wajen taro don girmamawa. Wanda ya yi riƙon ƙwarya ko kantoma, a faɗi hakan ƙarara.

Laƙabin da ba ya faɗuwa

Alhaji, Hajiya, Malam, Dakta da Farfesa suna bin mai su har ƙarshen rayuwa. Haka ma sarautar gargajiya, muddin ba a tuɓe mutum ba. Hafsan soja yana riƙe da muƙaminsa, a ƙara masa “mai ritaya”, kamar Janar Yakubu Gowon mai ritaya, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Wanda ya rasu

“Marigayi” ko “marigayiya” ke zuwa kafin suna: marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wanda ya rasu a 2018.

Wuraren da ake yawan kuskure

Wanda ya yi mulki sau biyu, a fayyace zamanin da ake nufi. Cif Olusegun Obasanjo ya yi mulkin soja daga 1976 zuwa 1979, sannan na farar hula daga 1999 zuwa 2007.

A lura kuma da inda “tsoho” ya faɗa cikin jimla. Marigayi Alhaji Abubakar Rimi gwamnan tsohuwar Jihar Kano ne, domin ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, kafin a cire Jigawa a 1991. Faɗin haka yana sanar da mai sauraro cewa ikonsa ya haɗa har da Dutse da Haɗeja.

Saboda haka ana shawartar jami'an yaɗa labarai su tabbatar da muƙami da shekarunsa kafin su fitar da sanarwa.