Daga Sallahu Zuwa Kwamfutar Hannu: Yadda Waya Ta Shigo Sana'armu

Tunda shekara ta zagayo mana lafiya, na ga ya dace mu tuna yadda waya ta shigo harkarmu.

Masu shekaruna ba su manta ba. A da, in kina son jin farashin masara a Tudun Wada, sai ki jira direban da ya dawo, ko ki ba da sallahu. Wayar tarho ta NITEL ta mutanen birni ce, mu nan Riruwai labarinta kawai muke ji. A 2001, zamanin mulkin Obasanjo, hukumar NCC ta sayar da lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Layi kaɗai a lokacin ya kai naira 20,000, kira kuma naira 50 duk minti, ko da gaisuwa kawai kika yi. Sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan talaka ya samu sauƙi. Econet ɗin nan shi ne ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. Mu da muke cikin duwatsu, mun daɗe muna hawa tudu neman sabis.

A Ingila da Amurka, da yawa yarjejeniya suke yi da kamfani: a ba ka waya, ka riƙa biya duk wata har shekara biyu. Mu kuwa waya daban, layi daban, katin ɗari ko ɗari biyu gwargwadon ciniki. Wannan ya dace da 'yar kasuwa, don ba bashin da ke binta. Amma layin ma da ƙa'idarsa: an yi rajista a 2011, a ƙarshen 2020 kuma aka ce a haɗa shi da lambar NIN.

Ita kwamfutar hannu mai kama da allo, wadda yara ke ce wa tabulet, ta yi suna ne bayan fitowar iPad a 2010. Da yawanmu mun ga 'yar uwarta a zaɓen 2023, wato na'urar BVAS da aka tantance mu da ita. Amfaninta faɗin fuska. Ni da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, na fi gane baƙi a kanta. Sai dai tana son caji da data, ba ta shiga lalita.

A ƙarancin takardun kuɗi na 2023, wani ya sayi buhu biyu a wajena, ya nuna min saƙo a wayarsa wai ya tura. Ban iya dubawa ba, na yarda. Har yau kuɗin bai shigo ba.

Shi ya sa da ake maganar ƙungiya ta sayi kwamfutar hannu don lissafin adashe, na goyi baya, da sharaɗi uku. A yi rajistar layin da sanin kowa. A koya wa mata aƙalla uku, kada ta zama ta mutum ɗaya. Littafin takarda kuma kada a yar da shi, don shi ba ya mutuwa in babu wuta.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a neman halak ɗinmu. Amin.