Kafin jirgi ya iso Maradi, me za mu ajiye wa yaranmu?

Dakoro ba ta da tashar jirgin ƙasa, kuma ba ta taɓa samu ba. Maradi ma haka. Amma duk wanda ya koyar da tarihin ƙasar nan ya san jirgin ƙasa ya taɓa rayuwar kakanninmu tun ba su gan shi da ido ba. Yanzu da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi, ina ganin lokaci ya yi da mu malamai da iyaye za mu waiwayi abin da ya sami tsofaffin tashoshi da wuraren da ke kewaye da su, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Turawan Ingila auduga suke so, manoma kuma suka zaɓi gyaɗa saboda ta fi kuɗi, kuma in yunwa ta zo ana iya cin ta. Cikin 'yan shekaru sai ga dalar gyaɗa ta tashi a Kano, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ta Gusau har Ƙaura Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Ku dubi taswira da kyau: Kano da waɗannan ƙarshen layi biyu duk suna fuskantar iyakarmu ne. Gyaɗar ƙasar Maradi da Tasawa da Damagaram, da fatu da ƙiraga, a bayan raƙuma da jakuna suka riƙa gangarawa kudu, daga baya a manyan motoci, a loda su a jirgi zuwa Ikko. Sai a 1953 Faransawa suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle don karkata wani kaso na kayan Nijar ta Parakou zuwa Kwatano. Arzikin Alhazan Maradi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, daga cinikin gyaɗar nan ya faro. 'Yan cin rani na arewa ma, da yawansu a waɗannan tashoshi suka fara hawa jirgi. Saboda haka tashar Kano, ko da tana ƙetaren iyaka, tana cikin tarihin gidajenmu.

Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa sun kawo ƙarshen dalar. Harkar jirgin ita ma ta durƙushe daga shekarun 1980, motoci suka ƙwace kaya da fasinja. Tsohuwar tashar Kano tana nan tsaye, amma yaron da aka haifa yau a hoto kaɗai zai ga dalar gyaɗa, kuma ba kowane babba ne zai iya nuna masa filin da ta tsaya ba. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa a madadinta. Hanya ta faɗaɗa, mutane sun ji daɗi, amma ƙofar da magina suka ɗora da hannu ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba ta dawowa.

Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. A birnin New York na Amurka an buɗe tashar Pennsylvania a 1910, shekara guda kafin dogo ya isa Kano. A 1963 kamfanin da ke da ita ya fara rushe ta don ya ci kuɗin filin. Takaicin da mutanen gari suka yi ya sa birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, kuma da dokar nan aka ceci ɗaya babbar tashar, Grand Central, bayan shari'ar da ta kai kotun ƙoli a 1978. Sai da suka yi asarar ɗaya kafin suka farka. A Dakar kuwa, tashar da aka gama a 1914 ta daɗe tana lalacewa, amma da aka zo aikin sabon jirgin birni aka gyara ta, aka mayar da ita bakin aiki, jirgin ya fara ɗaukar fasinja a Disamban 2021. A Ebute Metta ta Ikko, wani gidan ma'aikatan jirgi na 1898 da ake kira Jaekel House ya zama ƙaramin gidan tarihi da 'yan makaranta ke ziyarta.

Mu kuma a Nijar muna da namu darasin ta wata fuskar. An buɗe tashar jirgi a Yamai a 2014, aka shimfiɗa dogo na kimanin kilomita 140 zuwa Dosso, aka yi bikinsa a 2016, amma jirgin bai shiga jigilar jama'a ba. Sabon gini ne, duk da haka babu mai tuna ranar da ya raka ɗansa can ko ya tarbi mahaifiyarsa. Abin da na fahimta daga waɗannan misalai shi ne abu biyu ke raya gini: a riƙa amfani da shi, kuma a san labarinsa. In ɗaya ya ɓace, ginin yana jiran ruwan sama ne ko mai sayen fili.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke aikin. Duk ranar da ya iso, filaye za su yi tsada, za a buƙaci rumbunan ajiya da shaguna da faffaɗan hanyoyi, kuma tsohon ginin ƙasa shi ake fara kallo. Maradi ta riga ta san zafin rashi. Ambaliyar Gulbin Maradi ta 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka dawo da mutane kan tudu aka yanka sababbin unguwanni. Wancan ikon Allah ne. Na gaba in ya zo, da hannunmu zai zo.

Dakoro tana da nisan kusan kilomita 120 daga Maradi, kuma a matsayin garin mulki yarinya ce, a 1947 Faransawa suka kafa bariki a nan. Wannan ƙuruciya gata ce, domin akwai tsofaffi da ransu waɗanda suka ga farkon abubuwa da yawa. Ina aka fara kafa sikelin gyaɗa? Wace rijiya ce ta fara shayar da gari? Ina tashar mota ta farko, ina ajin farko na lakwal, ina kasuwar dabbobi take kafin ta koma inda take yanzu? Ga kuma Birnin Lalle kusa da mu, tsohon mazaunin sarakunan Gobir, wanda yaranmu da dama suka sani a matsayin sunan gari kawai.

Na san abin da wani uba zai ce: yara na karatu a rumfar zana, kai kana maganar kango? Yana da gaskiya, kuma babu wanda ya manta gobarar makarantar Maradi ta Nuwamban 2021 da ta ci rayukan yara fiye da 20. In kuɗi ɗaya ne, a gina aji. Sai dai abin da nake nema bai kai kuɗin buhun siminti ba. Kowane malami ya raba ajinsa gida-gida, kowane rukuni ya zaɓi wuri guda a unguwa, su auna shi da taku, su zana shi, su zauna gaban tsoho ko tsohuwa su rubuta wa ya gina shi, a zamanin wane sarki ko wane kumandan, me ake yi a ciki. Wanda babansa ke da waya ya ɗauki hoto. A haɗa a littafi guda, kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a fadar sarki, ɗaya a ma'aikatar magajin gari. A aiki guda an yi lissafi da zane da rubutu da tarihi. Ƙasarmu tana da dokar kare kayan tarihi tun 30 ga Yunin 1997, amma doka ba ta kare abin da ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

Ginin da ke da sauran ƙarfi kuma, a yi masa yaɓe kafin damina, a mayar da shi ɗakin karatu ko wurin yaƙi da jahilci, ya ci gaba da cin guminsa.

Iyaye, naku aikin ya fi sauƙi. Ranar da babu makaranta ku riƙe hannun yaro ku kai shi inda kakansa ya sayar da gyaɗarsa ta farko, ku faɗa masa a kan me aka kai ta Kano da kwana nawa aka yi a hanya. Yaron da aka kai wuri aka ba shi labarinsa, in ya girma ya zama kansila ko ɗan kwangila, zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu a takardar rushe shi. Allah ya kawo jirgin lafiya, ya kuma tarar da mu mun rubuta abin da ke gare mu.