Tarihin Sa Ido kan Makarantu a Jazira ta Sudan

Sa idon gwamnati a kan makarantun Jazira ya faro ne daga mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, lokacin da aka naɗa James Currie daraktan ilimi a 1900. Kafin nan ilimi yana hannun khalwa, wato makarantar allo, inda faki ne mai koyarwa kuma mai tantance wanda ya sauke. A wannan tsari Hausawan da suka zauna a Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka reni 'ya'yansu, haka ma waɗanda noman auduga ya jawo zuwa ƙauyukan Hasahisa bayan kammala madatsar Sennar a 1925.

Bayan boren da aka yi wa mulkinsu a 1924 Turawa suka tsargu da 'yan boko, sai suka karkata ga khalwa. Ɗaruruwan fakai suka shiga karɓar ɗan albashi bisa sharaɗin su ƙara lissafi a kan karatun Alƙur'ani, su kuma yarda mufattishi, wato sufeto, ya riƙa leƙo su. Cikin masu wannan zagaye har da Babikir Badri, wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a, tsallaken kogi daga Hasahisa, a 1907. Dabarar ba ta yi armashi ba, domin fakin da aka yi wa gajeren horo ba ya zama malamin lissafi don kawai sufeto na tafe.

Gyara na gaske ya zo da cibiyar Bakht al-Ruda da V. L. Griffiths ya kafa kusa da Duwaim a 1934. A nan ake horar da malamai, a nan ake rubuta littattafan firamare, kuma malaman cibiyar kan bi ɗalibansu har ajin da aka tura su, su ga yadda darasi ke tafiya. Abin dubawa shi ne koyarwar kanta. Da makarantu suka yawaita bayan samun 'yancin kai a 1956, wannan bibiya ta gagara, jarrabawa ta zama ma'auni kusan ita kaɗai.

An sha sauya matakan karatu. Tsarin 4-4-4 ya koma 6-3-3 a 1970 zamanin Numairi, gwamnatin Bashir ta mayar da shi 8-3 a farkon shekarun 1990, sannan aka dawo 6-3-3 bayan faɗuwarta a 2019. Jihohi ke shirya jarrabawar ƙananan matakai, gwamnatin tarayya ke riƙe da Shahada Sudaniyya ta ƙarshen sakandare, kuma da yawan waɗanda suka ci ake yaba makaranta ko a kushe ta. Wannan awo bai san da yaron da ya shiga aji ɗaya da Hausa a baki alhali darasi da Larabci ake yi ba. Wanda kuma ya bar aji ya tafi tsinkar auduga, ko wanda ya tsaya a khalwa, ba ya cikin lissafin ma sam.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF a Afrilun 2023 ya rufe makarantu, kuma a Disamban shekarar dakarun RSF suka kama garuruwan Wad Madani da Hasahisa a Jazira. Shahadar 2023 sai a ƙarshen Disamban 2024 aka zauna ta, a yankunan da ke hannun soja da wasu cibiyoyi a ƙasashen waje. Soja sun sake karɓar garuruwan biyu a farkon 2025.