Yauri: Tarihin da Sai an Sunkuya Ake Ganinsa

Tsakanin 1964 da 1968 an yi wasu manyan ayyuka biyu a bakin manyan kogunan Afirka. A Masar, ruwan madatsar Aswan ya tasar wa wuraren bautar Abu Simbel, sai ƙasashen duniya suka haɗa kuɗi ƙarƙashin UNESCO, aka yayyanka dutsen gunduwa-gunduwa, aka sake harhaɗa shi a kan tudu, mita 65 sama da inda yake. A waɗannan shekarun dai ake gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara, kuma da aka tare ruwan a 1968 sai ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyukan gaɓa har zuwa ƙasar Yauri, aka tashi mutane kimanin 44,000. Yau ɗan Nijeriya mai hali yakan yanki tikitin jirgi ya je ya kutsa cikin cunkoson baƙi don ya ga abin da Masar ta ceto, alhali bai taɓa tambayar me Kainji ta binne ba. Ina ganin wanda bai koyi kallon kufai a gida ba, ko ya je Masar hoto kawai zai ɗauko, kuma Yauri makaranta ce mai kyau ta wannan kallon.

Za a ce ai kwatancin bai yi ba, Masar tana da gumakan dutse masu shekara dubu uku, mu kuwa da laka muka yi gini, damina ta cinye. Gaskiya ne babu abin da za a ɗaga da inji a Yauri kamar na Abu Simbel. Amma laka ma tana ajiye labari. Kafin ruwa ya cika, masu binciken kayan tarihi sun yi aikin gaggawa a kwarin, suka haƙa wasu tuddai da mazauna suka bari, ciki har da na Baha da wani kusa da Yelwa. A na Yelwan an tono tukwane da kayan ƙarfe da 'yan siffofi na gasasshen yumɓu, waɗanda awo ya nuna sun faro tun ƙarnonin farko na Miladiyya. Ke nan tun kafin a san sunan Yauri a jerin Banza Bakwai, akwai mutane a wannan gaɓa suna amfani da ƙarfe suna sarrafa yumɓu. Abin da aka samu damar haƙawa kaɗan ne ƙwarai, sauran yana ƙarƙashin tafki, kuma wannan asara ce da ya kamata ta dame mu fiye da yadda take damunmu.

Mai ziyara da ya isa Birnin Yauri, tsohuwar hedkwatar masarautar, yana iya wucewa ta gefen ragowar ganuwa bai san ya wuce ta ba, domin ba kamar ta Kano ba ce da aka yi wa ƙofofi kwaskwarima. Shi ya sa karatu kafin tafiya ya zama guzuri na farko. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun sauka a birnin suna neman takardun Mungo Park, wanda ya ratsa ta Yauri kafin ya mutu a ruwan Busa a 1806. Sun rubuta cewa ganuwar doguwa ce, ta laka, mai manyan ƙofofi takwas, suka ƙiyasta kewayenta da mil ashirin zuwa talatin. Ko da ƙiyasin matafiyi ya yi yawa, tambayar tana nan: me ya tara arzikin da ya gina irin wannan ganuwa? Amsar tana kan ruwa. Ayarin fatake daga Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro dole su ƙetare Kwara, Yauri kuwa tana ɗaya daga cikin mashigai, ga kuɗin fito, ga cinikin zango, ga masu jiragen da ake dogara da su. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya fara bincikensa ne da tarihin Yauri na ƙarni na 19, inda ya bi yadda rikicin gadon sarauta ya raunana mulkin. Sai a wajejen 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da kujerar mulki Yelwa, a bakin ruwa. Wanda ya san wannan, in ya tsaya a kan tudun ganuwa, zai gane cewa yana kallon birnin da ciniki ya raya, yaƙin gida ya durƙusar.

Ni dai a wajena, mafi girman abin tarihin Yauri shi ne mutanenta. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, su ne ma'abota tsibiran da ruwa ya ci, masu noman albasa a bakin kogi da kamun kifi. Ga Kambari, ga Shangawa da Lopawa, ga Sarkawa masunta. Yawancin jikokin waɗanda aka tasa a 1968 Hausa suke yi yanzu, harsunan kakanninsu suna ja da baya, kuma dattawan da suka san inda kowane gungu yake, da inda aka binne wa, suna ƙarewa. Baƙon da ya fara da fada ko gidan hakimi ya yi gaisuwa, aka haɗa shi da irin wannan dattijo, zai samu abin da ɗan rakiya mai haddace jawabi a Alƙahira ba zai ba shi ba. Bikin Rigata na wasannin ruwa dama ce ta ganin gwanintar tuƙin kwalekwale da aka gada, amma kwanakin biki ba lokacin natsuwa da tambaya ba ne, sai a ƙara kwana bayan taro ya watse. Daga bazara zuwa farkon damina ruwan tafkin yakan ja da baya, gaɓa ta buɗe, a nan ne ake iya cin karo da tsingaro. Kada a ɗauka. Tsingaro yana da daraja ne saboda wurin da aka same shi da zurfinsa a ƙasa. In ya shiga aljihu ya zama fasasshiyar tukunya kawai.

Saura hujja mafi nauyi, wato tsaro, kuma ba zan raina ta ba. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wata guda kafin nan kuma jirgin ruwa maƙare da fasinja ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta. Duk wanda ya ce wa baƙo ya taho ba tare da bincike ba ya ci amanarsa. Dole a tambayi mutanen gari halin hanya a makon tafiyar, a yi tafiyar rana, a ƙi jirgin da aka yi wa lodin wuce kima, a nemi rigar kariya. Sai dai rashin tsaro yana hana baƙon nesa zuwa ne kawai, bai hana malamin tarihi a Yelwa ko Shanga ya kai ɗalibansa gaban dattawan unguwa da waya a hannu su naɗi abin da suka sani ba, bai kuma hana masarauta da gwamnatin Kebbi su shata iyakar ragowar ganuwa don garma da sabon gini kada su cinye ta ba. Masar ta samu baƙi ne bayan ta adana abin da take da shi, kuma aikin adanawa a Yauri bai buƙatar kuɗin UNESCO kafin a fara shi.