Daga wuri zuwa kirifto: kowane zamani da kuɗin da ya ƙone shi

A fadojin matasa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, zancen kirifto ya zama abokin shayi. Iyaye na ganin yara sun haukace da kuɗin da ba a riƙewa a hannu, yara kuma na ganin zamani ya wuce iyaye. Amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa mafi yawan matasan nan ba su zuba kuɗinsu a ciki. Suna latsa salula don neman na kyauta, in aka ce su sa jika biyar daga aljihunsu sai su noƙe. Tsoho na tsoro, yaro ma na tsoro, sai dai kowa da dalilinsa, kuma dalilan suna cikin tarihin kuɗin ƙasar nan.

Kakanninmu da wuri suka yi ciniki. Wurin nan daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya yake fitowa, ba sarkin da ya buga shi, yardar mutane kawai ta mai da shi kuɗi. A 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano, ya tarar ana canza azurfa guda ta Turai a kan wuri 2,500. Amma tun a lokacin ƴan kasuwar Hambug sun fara jigilar wani wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta yi ta zubewa. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka zo suka ce haraji sai da kuɗinsu, wanda ya tara wuri a keso ya wayi gari da kayan ado. Abin da ya rage mana shi ne sunaye: dala, wadda asalinta sunan waccan azurfa ne, ta koma sunan tamma biyar.

An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, kuma mutane sun daɗe kafin su saki jiki da takarda. Waɗanda suka saki jikin ma sun ga abin da suka gani. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Buhari ta canza takardun naira, ta rufe iyaka, ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da yawa suka rage da tsofaffin takardu a hannu, ga kuma yunwar shekarar da har yau ake kira El Buhari. Wajen 1990 bankin BDRN, wanda shi ne babban bankin raya ƙasa, ya durƙushe da ajiyar jama'a. Sai ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Mu da muke ƴan makaranta a lokacin mun ga yadda littafi, magani da duk abin da ake shigowa da shi daga waje suka yi tashin gwauron zabi, alhali albashin iyayenmu bai bi sawu ba.

Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru goma ba jahilci ne ya hana shi yarda da kirifto ba. Ya koyi darasi ɗaya sau uku: dukiyar da wani zai iya rage mata daraja da sa hannu a takarda ba taka ba ce gaba ɗaya. Shi ya sa ya koma ga tunkiya, fili, buhun hatsi da wake da ake saye da kaka a sayar da bazara, mata kuma suka riƙe asusu. Su ma suna da asara, fari na kashe dabba, ƙwari na cin wake, amma asara ce da ido ke gani.

Matashin yau bai ga 1994 ba. Tarihinsa gajere ne, amma shi ma akwai wuta a ciki. An fara Bitcoin a Janairun 2009. A ƙarshen 2016 tsarin MMM, mai alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya daskarar da kuɗin mutane a Najeriya. A Nuwamban 2021 Bitcoin ɗaya ya kai kusan dalar Amurka 69,000, bayan shekara guda ya faɗo wajen 16,000, daidai lokacin da kasuwar FTX ta ruguje. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta mai da shi kuɗin hukuma a Afrilun 2022, ba a cika shekara ba ta janye. A 2024 matasa sun kwashe watanni suna latsa Hamster Kombat dare da rana, da ranar rabo ta zo, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin intanet da cajin salula ba. A Afrilun 2025 kuma CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Najeriya. Yaron da ya ga wannan jeri yana da hujjar cewa lokacinsa kawai zai sa.

Akwai kuma wani bambanci tsakaninmu da maƙwabta da ba a cika lura da shi ba. Ɗan Katsina da ya ga dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa wajen 1,500 a farkon 2024 yana da dalilin sayen USDT, domin ya kare ɗan abin da ya tara. Sefa kuwa tun 1999 a ɗaure take da yuro, a kan 655.957. Ɗan Nijar ba shi da wannan matsi, don haka abin da ke jan shi zuwa kirifto galibi fatan riba ne cikin gaggawa. Nan ne mazambata ke samun ƙofa. Ga shi kuma ba bankin BCEAO ne ke buga kirifto ba, ba shi ke tsaya masa ba, in ya salwanta ba ofishin da za ka je ka ce a biya ka.

Abin da ya kamata ya dame mu, malamai da iyaye, ya wuce kirifto. Kusan rabin ƴan Nijar ba su haura shekara 15 ba. Idan suka tashi da fahimtar cewa zuba jari iri biyu ne kawai, ko zamba ko sa'a, to ba kirifto kaɗai za su ƙi ba. Za su ƙi kiwon rago, su ƙi ajiye jika guda daga abin da kabu-kabu ya kawo, su ƙi duk abin da ke son haƙurin wata shida. Matashi mai tsoron sa jika biyar a kasuwa, amma yana zubar da wata uku yana latsa allo, ya yi asarar da bai ƙirga ba, don lokacin nan da ya koyi ɗinki ko gyaran salula da shi.

A aji muna koyar da lissafin riba da kashi cikin ɗari. Ba sai an sauya manhaja ba kafin malami ya ba ɗalibai wannan aiki: jika goma da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, nawa za ta zama bayan shekara biyu? Amsar ta haura miliyan biyar. Su da kansu za su tambaya wace sana'a ce ke haifar da haka. A gida kuma, maimakon tsawa, uba ya ba ɗansa labarin 1984 da 1994, ya bari ɗan ya nuna masa abin da ke cikin salularsa. Sannan su yi wa kowane kuɗi tambayoyi uku: wa ya tsaya masa, daga ina ribarsa ke fitowa, kuma in ya ɓata wa za a kama? In da mai keson wuri ya samu wanda ya yi masa waɗannan tambayoyi, da wataƙila ya sayi saniya tun da sauran lokaci.