Waken Lima: Tsawon lokacin da yake yi a ajiye

Waken Lima wani nau'in wake ne mai faɗin ƙwaya, wanda ya samo sunansa daga Lima, babban birnin ƙasar Peru, inda Turawan Spaniya suka riƙa fitar da shi zuwa ƙasashen ƙetare a zamanin mulkin mallaka.

An daɗe ana noma shi a yankin tsaunukan Andes da Meksiko, har ma al'ummar Moche ta arewacin Peru ta bar zanensa a jikin tukwanenta.

Busasshen waken kan yi shekara 1 zuwa 2 da ingancinsa, muddin ya bushe ƙayau, aka kuma zuba shi cikin mazubi mai murfi a wuri mai sanyi wanda rana ba ta dukansa.

Bayan wannan lokaci ba ya zama haɗari ga mai ci, sai dai yakan yi taurin da sai a kwashe sa'o'i ana iza masa wuta bai nuna ba. Zafi da laima ne ke haddasa wannan, kuma a ɗakin ajiyar da suka haɗu, cikin 'yan watanni waken zai iya taurarewa. Jiƙa shi ya kwana da jefa 'yar kanwa cikin tukunya kan rage matsalar, amma ɗanɗanon da ya tafi ba ya dawowa.

Ƙwari su ne babbar barazana ta biyu, domin sau da yawa ƙwansu na biyo waken tun daga gona. Hana su iska ita ce hanya mafi aminci, kamar yadda buhun PICS mai hawa uku yake yi, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 domin adana waken gida. Barbaɗa maganin ƙwari barkatai kuwa na da tsada: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa.

Ɗanyen waken da aka tsinko da ɓawonsa 'yan kwanaki kawai yake yi a firji. Mai son ya daɗe sai ya ɓare shi, ya tsoma cikin tafasasshen ruwa na minti 2 zuwa 4 gwargwadon girman ƙwayar, ya sanyaya, sa'annan ya daskarar.

Dafaffe na yin kwana 3 zuwa 4 a firji. Bai kamata a bar shi a waje fiye da sa'o'i 2 ba, ko sa'a 1 idan zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas. Na gwangwani kan kai shekara 2 zuwa 5, amma wanda ya kumbura ko yake yoyo na zubarwa ne.

Akwai kuma abin da daɗewa a ajiye ba ya kawarwa. Waken Lima na ɗauke da linamarin, sinadarin da ke cikin rogo mai ɗaci, wanda ke rikiɗewa ya zama gubar sayanaid. Saboda haka ba a cin sa ɗanye: a zubar da ruwan jiƙon, a tafasa shi sosai cikin sabon ruwa, tukunyar a buɗe, har sai ya nuna luguf.