Kafireta da Safiyar Hunturu a Garejin Fagge

Fagge ta saba da baƙon abin hawa tun ba a san mota ba. Nan ne zangon Buzaye da fataken Sahara, inda suke sauke raƙuma a bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikatan da suka biyo dogo daga kudu, sai unguwannin biyu suka zama maƙwabta, sana'ar gyaran mota kuma ta yi saiwa a tsakaninsu. Makanikan farko sun koyi riƙon sifana ne a Reluwe, ko a ma'aikatar ayyuka, ko a garejin kamfanonin Turawa irin su SCOA mai dillancin Peugeot. Da yawansu Yarabawa ne, cinikin kayan gyara kuwa 'yan ƙabilar Ibo suka fi ƙarfi a kai. Rikicin 1966 ya rufe shaguna da dama a Sabon Gari, sai bayan an gama yaƙin basasa a 1970 kasuwar ta sake tsayawa da ƙafarta.

Shekarar da ta cika garejin Fagge da aiki ita ce 1975. An biya ma'aikata kuɗin Udoji, kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot 504 a Kakuri ta Kaduna, Volkswagen kuma ta buɗe nata a Legas. A wannan shekarar ce dai 504 ta lashe tseren Safari a Kenya, mai ƙofa biyunta mai injin V6 kuma ta sake lashewa a 1978. Mu ba mu ga ta tseren ba. Tamu ita ce ta ofis, wadda gwamnatin Obasanjo ta mayar motar manyan ma'aikata, da doguwar nan da ke jigilar fasinja zuwa Jos da Maiduguri. Duk a kan kafireta suke tafiya, galibi ƙirar Solex.

Ni a shekarun 1980 aka kai ni koyon aiki wani gareji a Fagge, wajen wani dattijon Bayarabe da kowa ke kira Baba. Kakarmu ita ce hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu, in sanyin asuba ya sauko wajen maki 12, kafin hantsi za ka ga an turo motoci sun yi layi, kowane mai mota da ƙorafi ɗaya: kafireta ta lalace, a kwance ta. Baba ba ya kwancewa. Yakan ce, "Alhaji, ba a nan gizo ke saƙar ba," ya sa ni in kawo fetur cikin murfin kwalba.

Dalilin ƙin tashin ba wani asiri ba ne. Inji ba ya ƙona fetur yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Da sanyi fetur ba ya saurin tashi, sai ya lafe a jikin bututun ƙarfe kafin ya kai silinda, abin da ya isa ciki kusan duk iska ce. Aikin cok ke nan: ya toshe bakin iska don mai ya yi rinjaye. Amma direban Kano wata tara yake yi bai taɓa cok ba, igiyarsa ta daskare da ƙura, wani ma an cire masa shi tun tuni. Sai ya hau dukan totur, kowane taku yana fesa ɗanyen mai, har fulogi su jiƙe. Motar da ta sha mai haka, maganinta a danne totur ƙasa a riƙe, a murza makulli har iska ta busar da ita. Wadda ba ta da cok kuwa, ni ne cok ɗinta: in ɗora tafin hannu a bakin kafireta, Baba ya tayar.

Murfin kwalbar nan shi ke raba gardama. A zuba ɗan fetur a maƙogwaron kafireta, a tayar. In ta kama ta mutu, mai ne ba ya isowa, sai a bi tiyo, a duba famfon mai, a duba filta. In ko tari ba ta yi ba, maganar wuta ce, a koma kan fulogi da kwantak da batir, domin sanyi na rage wa batir ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri. (Wanda zai gwada ya janye fuskarsa. Kafireta takan yi aman wuta, kuma na san makanikan da suka yi sallama da girarsu a haka.)

Filta kuwa an fi ɗora mata laifin da ba nata ba, a kuma yafe mata wanda yake nata. Da wuya ta hana mota tashi da safe sai in ta toshe ɗungurungum, saboda ɗan man da ke kwance a kwanon kafireta ya isa tayarwa. Halinta a kan hanya yake fitowa. Mota za ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, amma da an hau titin Zariya an ba ta wuta sai ta fara shaƙewa tana fizga, a tsaya minti biyar ta farfaɗo. Muna son filtar roba mai garai-garai don ana ganin cikinta: jan gari tsatsar tanki ce, ɗigon da ya kwanta a ƙasa ruwa ne. Akwai kibiya a jikinta mai nuna inda mai ke bi, kuma yaron da ya juya ta baibai ranar sai kunnensa ya yi zafi.

Shekarun 1990 ne suka ɗaga darajar wannan 'yar roba. Wahalar mai ta zamanin Abacha ta cika bakin titi da 'yan bumburutu, ana sayen fetur a galan, wani an sirka shi da kananzir, wani da dattin jarka. Kananzir ya fi fetur nauyin tashi, don haka motar da ta sha gauraye ba ta kamawa da sanyi ko da cok. Direbobin tasi suka koma jera filta biyu. In tanki ya ƙazantu ƙwarai, sai a aje galan a gefen direba, a ja tiyo kai tsaye zuwa inji. Da baki muke zuƙo man, da baki muke hura jet, alhali har farkon shekarun 2000 fetur ɗin ƙasar nan akwai dalma a cikinsa. Wannan ɓangaren na sana'ar ban ga abin kewa a cikinsa ba.

A daidai lokacin kuma ƙasa na zamewa a ƙarƙashinmu. Tun da tsarin SAP na 1986 ya karya naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, 'yan Kwatano, wato tsofaffin motocin da ake shigowa da su, suka mamaye gari. Turai kuwa ta tsaurara dokar hayaƙi a farkon shekarun 1990, kamfanoni suka bar kafireta suka koma injekta. Da irin waɗannan motoci suka fara shigowa, amsar da yawanmu suka ba su ita ce a tuge injektar a dasa tsohuwar kafireta daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Muna ce wa mai mota mun sauƙaƙa masa. Gaskiyar magana kanmu muka sauƙaƙa wa, shi kuwa ya tafi da motar da ta fi shan mai, ta fi hayaƙi.

Yau yaron gareji a Sabon Gari kwamfuta yake soka wa mota ta faɗa masa ciwonta, 504 kuma sai jefi-jefi. Kafireta dai ba ta bar Kano ba, ƙanƙancewa ta yi. Bayan an hana acaɓa a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ta cika tituna, kuma mafi yawansu da kafireta suke aiki, haka babura, haka janaretan kowane shago a Kantin Kwari. Abokan koyon aikina da dama can suka koma, kuma su ma a watan Janairu suka fi ganin ciniki.